Amsar Gwaggo a kan dashen lalle

Ɗiyata, na saurari saƙonki har sau biyu. Na farko dariya na yi har ƙaninki ya leƙo ya ga ko lafiya. Na biyu kuwa sai jikina ya yi sanyi. Wai ke, jikar Inna, ke ce kike tambaya ko dole sai tsohuwa za ta dasa lalle a gida, kuma ko zai rayu a tsakar gidanki na Arkilla da babu ruwa. Ashe har mun kai lokacin da ɗiyar Sakkwato ba ta san lalle icce ne ba sai a leda.

Bari in ba ki labarin shekarar fari, 1973. Ina budurwa lokacin, ana shirin bikin yayarmu. Damina biyu ta yi gardama, mutanen arewa suna ta kwararowa daga Nijar da ragowar dabbobinsu, saniya sai ta durƙusa bakin hanya ba ta ƙara tashi. Gero ya yi tsada, rijiyarmu sai an kwana ana jiran ta tara abin da zai cika tulu biyu. A bayan ɗakin Inna akwai lalle guda, ya girme ni, har ya yi ƙaya don tsufa. Shekaran nan ya kakkaɓe ganyensa tas, ya tsaya kamar kara. Baba ya ɗauko gatari zai mai da shi itacen wuta. Inna ta fito, ba ta ce masa uffan ba, ta sa farce ta kankare bawon reshe ɗaya, ta nuna masa. Kore shar a ciki. Ta ce, "Barci yake, ba mutuwa ba." Baba ya mai da gatarinsa.

Daga ranan ta kafa doka: duk mai alwala a gidan, gindin lallen zai je ya yi. Ba ta taɓa zuba masa ko kwano guda na ruwan sha ba, abin da ya ɗiga daga hannuwanmu ne kawai. Kafin wata biyu sai ga toho. Ganyen da munka tsinka bai cika ƙwarya ba, anka shanya shi a inuwa, anka daka, anka tankaɗe. Daren ƙunshi amarya ta kwana hannunta cikin zunguru, mu ƙawaye aka lakata mana a farce kaɗai don bai isa ba. Da safe da anka wanke, wallahi ban sake ganin ƙunshin da ya kama haka ba, ja har ya nemi komawa baƙi. Mata suna ta kama hannunta suna juyawa. Inna ta ce ai lalle ɗan wahala ne, wanda anka shagwaɓa da ruwa ganye yake yi, ba ya kamu.

To kin ji batun ruwa. Ki jira damina ta zauna, wajen watan Yuli, ki samo reshe mai kaurin ɗan yatsa, tsawon kamu ɗaya, ki binne rabinsa inda rana take dukansa sosai. Kada ki sa shi ƙarƙashin dogon yaro, kuma kada ki sa inda ruwa ke kwanciya, saiwar ruɓewa take. In iri kinka samu, sai kin jiƙa shi kwanaki, ɓawonsa tauri gare shi. Rani na farko ne kaɗai zai wahalshe ki, musamman zafin bazara, ki riƙa ba shi kaɗan da marece. Ki kewaye shi da ƙaya saboda awakin maƙwabta. In ya kai ƙugunki ki datse kansa don ya yi rassa. Furensa ƙanana ne farare, ba su da wani kyan gani, amma ƙamshinsu bayan magariba har zaure ake jin shi.

Ku yanzu sai dayis. Na ga ɗiyar maƙwabciyarmu bayan sallah, hannu duk ya tashi ya yi ƙuraje saboda wanga baƙin abin da ba ku san mi anka zuba ciki ba. Sauri kuke, ba mai iya kwana da ƙunshi.

Batun tsohuwa kuwa, ni dai ban ji malami ya faɗa ba. Na Inna, uwar mijinta ta dasa shi, nawa kuma Inna ta yanko mini ranar da zan tare. Yana nan bayan madafa. In kin shigo Juma'a ki taho da wuƙa mai kaifi, kuma ki kawo mini goro.