Dashen haƙori: in biya kuɗin iskar ozon ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mako mai zuwa za a yi mini dashen haƙora biyu. Likitan ya ce idan na ƙara kuɗi za su busa mini iskar ozon a wurin, wai tana rage zafi kuma miki ya warke da wuri. Ni kuwa ina da tsoron ciwo ƙwarai. In biya? Daga wata uwar gida a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan kuɗin zai takura ki, ki bar shi, dashenki ba zai lalace don rashin ozon ba.

Ozon 'yar'uwar iskar oksijin ce da muke shaƙa, sai dai ita ƙwayoyin oksijin uku ne a haɗe maimakon biyu, shi ya sa take da kaifi har tana kashe ƙwayoyin cuta. Likitocin haƙori kan busa ta a kan dasashi, ko su wanke miki da ruwan da aka narka ta ciki, ko su shafa man da aka haɗa da ita. An yi wasu ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna raguwar zafi a kwanakin farko, amma mutanen da aka gwada a kansu kaɗan ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma har yanzu a dokarta ozon iska ce mai guba wadda ba a tabbatar da amfaninta a magani ba.

Warkewar da ta fi muhimmanci a cikin ƙashi take faruwa. 'Yar ƙusar ƙarfen titaniyam da za a kafa miki a muƙamuƙi, ƙashi ne zai tsiro ya kama ta kamar yadda siminti ke kama rodi. Wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark ne ya gano haka, ya yi wa mutum na farko dashe a 1965, kuma kamun da ƙashin ke yi wa ƙusar yakan ci wata 3 zuwa 6. Ba a tabbatar ozon na gajarta wannan lokaci ba.

Zafin da kike tsoro kuwa, lokacin aikin allura za ta kashe wurin. Bayan nan yakan fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, ya lafa cikin mako guda, kuma parasitamol da ibuprofen sukan wadatar. Amma in kina da olsa, ciwon ƙoda ko juna biyu, ki faɗa wa likita kafin ya rubuta ibuprofen. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki riƙa ɗorawa a kumatu ranar farko. Washegari ki fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri. Kunu da fate su ne abincinki, su ma sai sun huce. Goro da aya da kilishi su dakata, asuwaki kuma kada ya kusanci ɗinkin.

Da ni ce, kuɗin nan zan ajiye shi don hoton muƙamuƙi da komawa duba aiki.

Tambaya: Ina da ciwon suga, an yi mini dashe. Na ga ana tallar injin ozon na gida a intanet, in saya? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, don Allah kada ka saya. Ozon tana ƙona hanyar numfashi, tana jawo tari da ƙuncin ƙirji, ta kuma tayar da asma. A asibiti ana sa ta da na'urar da ke zuƙe ragowar don kada ta shiga huhu, kai kuwa a ɗaki kai da yara za ku shaƙe ta. Abin da ya fi barazana ga dashenka shi ne hawan suga, sai taba in kana sha, domin duka biyun suna hana miki warkewa. Ka sayi abin awon suga da wannan kuɗin. In ka ga kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi, ko mugunya, ko leɓenka ya ƙi dawowa daga mutuwar allura, ka koma wurin likitanka ran nan.