Me ya sa cocin Episkofal na Bajiniya suka girmi ɗariƙarsu?

Malam, ka tambaya yadda aka yi wasu majami'un Episkofal a jihar Bajiniya ta Amurka suka girmi ɗariƙar kanta, wadda aka kafa a 1789. Ai asalinsu na Cocin Ingila ne, wato Angilika, kuma sun samo tushe tun zuwan Turawan Ingila garin Jamestown na Bajiniya a 1607.

A zamanin mulkin mallaka, ikilisiya ba wurin ibada kaɗai ba ce. Kwamitin dattawa 12 ne ke yanka haraji, ya kula da marayu da matalauta, ya biya limamin coci da ganyen taba mai nauyin fam 16,000 a shekara. Shi ya sa littattafan kwamitocin nan suka fi ginin amfani ga mai bincike, a ganina.

Misali, ikilisiyar Bruton da ke garin Williamsburg an kafa ta a 1674, gininta na yanzu kuwa na 1715 ne. A majami'ar St. John's ta birnin Richmond ne Patrick Henry, ɗan gwagwarmayar 'yancin Amurka, ya yi shahararren jawabinsa a 1775.

Bayan Amurka ta samu 'yancin kai al'amura suka dagule. Harajin coci ya tsaya, dokar 1802 ta ba da damar sayar da gonakin coci, majami'un karkara da dama suka zama kufai, sai daga baya aka farfaɗo da wasu.