Tambayoyin Masu Karatu: Miksaj, Mastarin da Fayil ɗin Waƙa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai waƙoƙin biki a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na ɗauki waƙa a situdiyo, sai mai haɗa sautin ya tambaye ni ko miksaj kaɗai nake so ko har da mastarin, kuma WAV zai ba ni ko MP3. Na amsa masa ba tare da na fahimta ba. Ina roƙon ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sa'ad da ka tsaya gaban mikro, manhajar da ke cikin kwamfuta, ko FL Studio ce ko Cubase, tana ajiye kowane sauti a layinsa: muryarka daban, amshi daban, ganga daban, fiyano daban. Waɗannan layuka su ne ma'aikatan situdiyo a nan Nijar suke kira pist. Miksaj, wanda a Kano za ka ji ana ce masa miksin, shi ne daidaita layukan nan har su zama waƙa guda, a ɗaga murya, a sassauta kiɗan da ya danne ta, a rage ƙarar da ba a so, a sa amsa-kuwwa gwargwadon buƙata. A nan ne waƙa take kyau ko ta lalace, kuma a nan ne ya kamata ka zauna kusa da mai aikin kana saurare.

Mastarin yana zuwa daga baya, a kan waƙar da aka riga aka haɗa, domin ƙarfinta ya daidaita ko a waya aka sa ta, ko a rediyo, ko a manyan lasifikokin gidan biki. Kamar guga ne bayan ɗinki: yana fito da kyawun riga, amma ba ya gyara wuyan da aka yanka a karkace.

Batun fayil kuwa ya fi muhimmanci, domin a nan mawaƙanmu suke yawan tafka asara. WAV yana riƙe sautin yadda aka ɗauke shi. A ma'aunin faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, shi ya sa minti guda yake cin kusan megabait 10. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa, yana zubar da sassan da kunne bai cika lura da su ba, har minti guda ya iya komawa kusan megabait 1. Yana da sauƙin turawa, amma abin da ya zubar ba ya dawowa, ko da an sake mayar da shi WAV.

Saboda haka ka koma ka karɓi duka biyun, MP3 don rabawa, WAV don ajiya. Ka kuma roƙi a ba ka kowane pist a fayil ɗinsa, domin idan wata rana ka so wani ya sake yi maka miksaj, ko ka buƙaci kiɗan zalla don hawa dandali, aikin zai yi wuya ƙwarai in babu su. Gara ku daidaita a kan wannan tun kafin ka biya cikon kuɗin aiki, sannan ka adana su a wuri biyu, a kile, wato filashin USB, da kuma kwamfuta.