Fentin da ke kashe ƙwayoyin cuta: a shafa shi a tankin ruwan sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na yi wa katangar gidana fenti, irin wanda mai kanti ya ce fumfuna ba ta kama shi saboda akwai "nano" na azurfa a ciki, wato ɓarɓashin azurfa ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Ruwan da ke wanke katangar yana gangarawa lambun wakena, ina tsoron kada ya kashe min ƙasa. Ya kuma ce in shafa ragowar a cikin tankin ruwan sha, wai zai kashe cuta. Manomi, daga yankin Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Lambun da sauƙi, tankin ne ya tayar min da hankali.

Goga tafin hannunka a katangar da ta sha rana da hunturu, za ka ga farin gari ya kama ka. Shi ruwan damina ke kwashewa. A 2010 masu bincike a Siwizalan sun ba da rahoton cewa fiye da kashi 30 cikin 100 na azurfar irin wannan fenti ta bi ruwan sama cikin shekara ɗaya. Azurfa kuwa ba ta san bakteriya mai amfani ba. Tuge wake guda ka duba saiwarsa, akwai 'yan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. Nan bakteriyar da ke jawo wa gonarka naitirojin (sinadarin da ke ciyar da shuka) daga iska take zaune, kuma azurfa in ta taru tana raunana ta. Sai dai abin da katanga ɗaya ke zubarwa kaɗan ne, ƙasa mai takin gargajiya kuma tana ɗaure shi. Yi 'yar kwata ka kauce da ruwan, shi ke nan.

To, tanki. Wallahi na gaji da jin wannan magana a kasuwannin ƙauye, cewa duk abin da ke kashe ƙwayar cuta zai tsarkake ruwa. Fiya-fiya ma tana kisa, wa ke zuba ta a randa? Fentin bango ba don cikin mutum aka haɗa shi ba. Bayan azurfar akwai wasu magungunan kashe gansakuka a ciki, wasu fentin mai kuma har da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara tun ba a ga alama ba. Ruwa zai kwana a jikinsa yana jiƙa shi, yara su sha safe da yamma. Kada wani ya ce maka a tafasa, tafasa tana kashe abu mai rai ne, ƙarfe yana nan daram, ƙara taruwa ma yake yi in ruwan ya ƙone. Mai kantin nan ribar gwangwani yake nema, ranar da yaro ya kwanta ba za ka gan shi ba. Ya ji tsoron Allah, lafiyar mutane amana ce.

Wanke tankinka, ka rufe shi, ka sa kilorin na ruwan sha yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Burushin fentin kuma kada a wanke shi kusa da rijiya.