Inci biyu sun ishe shi: amsa ga yaron gareji kan ɗaga motar daji

Jiya muna wanke hannu ka ce wani ya kawo maka Hilux ɗinsa, da ita yake zuwa aiki kullum, ƙarshen mako kuma ya shiga daji da ita, yana so a ɗaga masa ita, wato a ƙara mata tsayi daga ƙasa, wane irin kaya za ka ce ya saya. Shirun da na yi maka ba rashin amsa ba ne, tambayar ce ta fama mini tsohon miki. To zauna ka ji, kuma ka ajiye wayar nan.

Tambayar taka ma a karkace take. Ba a fara da kaya, da sikeli ake farawa. Ka sa mai motar ya cika tanki, ya zuba duk abin da yake yawo da shi kullum, a hau da ita sikeli a auna gaba daban, baya daban. Sifirin nauyi yake ɗauka, bai san burin mai mota ba. Masu ƙera shi suna rubuta wa kowanne lodinsa: wannan na motar da ba ta ɗaukar komai sai jefi-jefi, wancan na wadda kilo 300 ba ya sauka daga bayanta. Ka ɗaura wa motar da ke yawo fayau sifirin kilo 300, sai ta riƙa tsalle kamar akuya, bayanta ya ɗage, tayar baya ta riƙa sakin ƙasa a kan gargada, mai ita ya dawo yana cewa ka lalata masa mota. A gaba ma haka ne. Bamba ta ƙarfe da injin janye mota suna iya haura kilo 80 a can kan hanci, sifirin da ba a yi shi don su ba zai zauna cikin 'yan watanni. Kuma ka gaya masa tun yanzu, ɗaga mota ba ya ƙara mata ko kilo ɗaya a kan lodin da kamfani ya rubuta a jikinta.

Sai ka tambaye shi me yake so ya tsallake. Yawancinsu ba su san cewa a motar da ke da aksul ɗaya a baya, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayoyin biyu, ko sama ka kai bodi, tulun aksul, kumburin nan da ke tsakiyarsa, yana nan inda yake ba. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Taya 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, 265/70R17 kuma 803, wato ƙasan motar ya ƙaru da milimita 13 kacal. In ya haye 285/70R17 ya samu kusan 27, amma agogon gudu zai riƙa yi masa ƙaryar kusan kashi 7 cikin ɗari, motar ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara nisa, mai ya ƙara tafiya. Abin da ɗagawa ke ba shi shi ne hanci da gindi da ciki su daina gugar ƙasa, taya kuma ta sami wurin motsi.

Ga motar da ake hawa kullum, wadda kowace tayar gabanta ke motsi da hannuwanta, irin Hilux da Prado da Pajero, milimita 40 zuwa 50 ne iyaka. Inci biyu. Dalilin shi ne tafiyar tayar gaba ƙayyadaddiya ce, daga inda take dannewa zuwa inda take saukowa. Ɗagawa ba ta ƙara wannan tafiyar, matsar da wurin zaman motar kawai take yi a cikinta. Duk milimitar da ka samu a tsayi, daga saukowar taya ka cire ta. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi mota na tsaye, ka sa jak a shasi har taya ta rataye ka sake aunawa. In bambancin bai kai milimita 60 ba, ni ba na sakin motar. Tayar da ba ta da wurin saukowa, kowane rami sai ka ji ƙwam, ta saki ƙasa, kuma motar da tayarta ke sama ba ta jin sitiyari.

Wata mota ce ta sa nake nanata wannan, har yau in na tuna ta raina sai ya ɓaci. Ta shigo garejin nan an riga an ɗaga ta inci biyu da kaya masu kyau, ba abin da ke damunta. Mai ita ya ga hotunan wasu motoci a intanet, ya yi odar sifesa, wato faifan ƙara tsayi, mai kaurin milimita 30 a ɗora a kan shokobar gaba. An gaya masa shokoba ba a bakin taya take zaune ba, a tsakiyar hannun ƙasa take, wato ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa, don haka duk kaurin da aka sa mata kusan ninkinsa yake fitowa a taya: 30 ɗinsa za ta zama hamsin da wani abu, a haɗa da 50 ta farko an wuce 100. Ya ce motarsa ce, kuɗinsa ne, komai ya faru shi ya jiyo. Da baki ya faɗa. Aka ɗaura.

Ka lura da abin da sifesar sama ke yi, don nan ne mutane ba sa gani. Tana tura shokobar gaba ɗaya ƙasa, sai taya ta riƙa saukowa fiye da inda kamfani ya tsara. Da can shokoba ce ke tsayar da ita. Yanzu shokoba ba ta ƙare ba hannun sama ya riga ya daki sifirin, boljoyin ɗin sama, wato gaɓa mai ƙwallo da ta haɗa hannun sama da taya, ya kai ƙarshen juyawarsa, ya zama shi ne ke riƙe nauyin taya duk lokacin da ta rataye. Ba don wannan aka yi shi ba. Shaf, sandar da ke kai wa tayar gaba ƙarfin inji, shi ma ya karkace sosai, ninkin robarsa na gugar juna. Ba a yi wata biyu ba robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, aka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Bai dawo ba. Ranar da ya faɗa rami da gudu, kan boljoyin ya fice daga gidansa, taya ta kwanta, shaf ya karye, tiyon birki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, suka tsinke, madigadi ya lanƙwashe. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Sai ga shi da mutane uku a bayansa, wai ba a ɗaure notin boljoyin ba. Aka nuna masa notin yana nan daram da ɗan fil ɗin da ke kulle shi a jiki, ƙwallon ne ya tsige daga gidansa, abin da ko yaron da ya yi wata shida a gareji ya san ma'anarsa. Ya rantse bai taɓa jin an hana shi ba. Babu takarda, babu sa hannu. Shaf, hannuwan sama biyu, tiyo, waya, gyaran bodi, aikin kwana shida, duk a kan garejin suka faɗa, kuɗin ɗaurin farkon ma bai biya ba har gobe. Ya kuma bi gari yana ɓata suna. Shi ya sa littafin nan yake kan tebur. A ciki ake rubuta awon tsayi a tayoyi huɗu kafin aiki da bayan aiki, sunan kayan, abin da aka ba da shawara, abin da mai mota ya ƙi, ya sa hannu. In ya ce a haɗa sifesa da dogon sifirin, ko zai sa hannu goma ka nuna masa ƙofa.

Sifesa ita kaɗai, ƙarama, don daidaita gaba da baya a motar da ba ta barin kwalta, ba zan ce haram ba. Amma tsohon sifirin ne da tsohuwar shokoba, ba abin da ya gyaru. Tsofaffin motoci masu sandar murɗi a gaba kuma, ku yaran yanzu kun gano ana murɗa kusa ɗaya mota ta tashi, sai ku yi ta murɗawa kamar famfo. Saukowar tayar kuke cinyewa, doka ɗaya ce. Ɗaga bodi daga kan shasi kuwa ba zan ɓata bakina a kansa ba.

Abin da zai saya shi ne sifirin da shokoba da aka ƙera tare don wannan motar, kuma in kuɗinsa ba su kai duka ba, gara ya rage a tsayi da ya rage a shokoba. Ita ce zai ji a jikinsa kowace safiya. A doguwar gargada man cikinta yana zafi ya yi kumfa, ta saki, mota ta fara lilo. Mai bututu ɗaya ta fi fitar da zafi, amma dutse ya lotsa jikinta ta gama. Mai bututu biyu ta fi jure duka, ta fi laushi a gari. Mai ƙaramin tanki a gefe ta mai gudu ne awa da awanni a jeji. Ga mai zuwa ofis, ado ce mai neman gyara. Kafin ka ɗaura kowace, auna tsawonta a danne da a miƙe. Dole robar tsayarwa, wadda ke tare taya in ta danne ƙarshe, ta taɓa kafin shokoba ta ƙure, in ba haka ba kunnenta zai tsige. A miƙe kuma ka duba tiyon birki da wayar ABS da tiyon numfashin aksul, kada ɗaya ya yi tauri kamar tsirkiya.

In bayan ɗagawa na'urar alaimen, wato ta daidaita tayoyi, ta kasa dawo da kasta da kamba, kusurwoyin tsayuwar tayar gaba, inda littafin kamfani ya ce, hannun sama na musamman ake sa wa, mai boljoyin da ya fi juyawa. Ba a barin mota ta fita da sitiyarin da ba ya dawowa da kansa bayan kwana.

Baya akwai tarko biyu. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da bawul da ke auna lodi ta wata sanda da ta haɗa shi da aksul. Ka ɗaga baya ba ka ɗaga mazaunin sandar daidai da haka ba, bawul ɗin zai ɗauka motar ba komai a cikinta, ya rage wa birkin baya ƙarfi, ko da lodi ya cika ta. Na biyu farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul na baya, in mai gaɓa biyu ce: in ka ji kakkarwa lokacin tashi daga tsaye, kusurwarta ce ta canza, a sauke borin da ke riƙe tsakiyarta da 'yan milimita ko a sa ƙarfen gyaran kusurwa a ƙarƙashin sifirin. Kusoshin da ke rungume sifirin da aksul sababbi ake sawa, tsohon ya riga ya miƙe.

Da a ce motar mai aksul ɗaya ce a gaba, irin Land Cruiser 80 ko tsohuwar Patrol ko Jimny, ciwon daban ne. Ɗagawa tana juya aksul ta cinye kasta, motar ta riƙa yawo a hanya, sai an sa bushin gyara, wato robar da ke cikin gaɓar hannuwan aksul. Sandar da ke riƙe aksul daga gefe kuma tana jan sa ɓangare ɗaya, a sa mai daidaitawa. In akwai bushi mai wasa, ko tayarod, sandar da sitiyari ke juya taya da ita, ranar da sitiyari zai kama rawa a kan gudu mai motar ba zai manta ba.

Yadda ake kwance shokoba da danne sifirin ba zan koya maka ba, in ba ka iya ba zuwa yanzu ka koma share gareji. Abin da nake gani kuna yi ne ke ba ni haushi: ku ɗaure kusoshin bushin roba mota na rataye a sama don ku huta da sunkuyo. Tana sauka robar ta murɗe, ta zauna a haka, ta yage cikin wata uku. A sauke mota a kan tayoyinta, a jijjiga ta, sannan a ɗaure da sifana mai awo. Daga nan alaimen, a sauke fitilun gaba don sun koma idon masu tahowa, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga ko taya na gugar wani wuri. Ka faɗa masa motar ta ƙara tsayi, za ta fi kwanciya a kwana, kuma ya bincika abin da dokar ƙasarsa da kamfanin inshorarsa suka yarda da shi. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 ya dawo, sifirin ya zauna, a sake ɗaure kusoshin baya, a sake awo, a sake alaimen. Gobe da safe ka kira shi ya zo da motar da lodinta, ka ɗauko tef da littafin.