Ɗan tsuntsun da ke zuwa da kaka ya ɓace da bazara

Tambaya: Salam Malam, dan Allah akwai wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai farin tabo a fiffike da nake gani duk ƙarshen damina, zai zauna shiru kan reshe sai kawai ya zabura ya cafke ƙwaro a iska ya koma, amma da zafi ya shigo sai in neme shi in rasa, kuma ban taɓa ganin sheƙarsa ba. Wai ina yake zuwa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba za ka taɓa ganin sheƙarsa ba, don baƙo ne, daga yadda ka kwatanta shi ɗaya ne cikin tsuntsaye masu cafkar ƙwari da ke yin ƙwai a Turai, irin su Ingila da Jamus da Holan, Afirka ta Yamma cin rani kawai yake zuwa. Wajen watan Agusta yake tasowa, ya yada zango a Sifen ko Fotugal ya ci ya tara kitse, sannan ya keto Sahara, a Satumba zuwa Oktoba ya iso, kuma fa duka-duka nauyinsa wajen giram 13 ne kawai, wallahi abin na ba ni mamaki har yanzu. A Afrilu ya juya. Can Turai ne namijin ke zama baƙi da fari tas, nan kuwa ruwan ƙasa za ka gan shi kamar macen.

Ba ya son fili fetal, ba ya son kurmi mai duhu sosai, dajin da ke da manyan itatuwa jefi-jefi irin su maje da ɗorawa shi ne nasa, daga Gini zuwa Gana har tsakiyar Najeriya. In ka lura da kyau bayan ya sauka yakan ɗan ɗaga fiffike ɗaya sama yana kaɗa jela. Yana kare 'yan itatuwansa daga 'yan'uwansa, kuma sau da yawa wuri guda yake dawowa baɗi, shi ya sa saran itatuwan nan don gawayi ke damuna ƙwarai, tsuntsu ya sha wannan doguwar tafiya ya zo ya tarar da kututture.

Akwai wasu masu cafkar ƙwari irinsa 'yan gida. Mai doguwar jelar nan ja da baƙin kai shi damina yake bi zuwa arewa ya yi sheƙa, har da yanar gizo yake ɗaure ta, wani kuma bakin kogi da tafki kawai za ka same shi. Naka dai ka fara duba reshen nan tun ƙarshen Satumba, da hantsi, kuma dan Allah a ja wa yara masu danƙo kunne.