Amsa kan karkarwar injin tsohuwar a-kori-kura

Malam, ka ce injin motarka yana karkarwa idan yana silo, kuma ka juya distiributa, wato na'urar da ke rarraba wuta zuwa filogi, sau da yawa ba ta daina ba. A ganina ka dakata da taɓa taimin tukuna, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, wanda juya distiributa ke canzawa, domin kuskuren taimin ya fi jawo rashin ƙarfi, zafin inji da ƙarar ƙwanƙwasa a hawan tudu, ita kuwa karkarwa yawanci alama ce cewa silinda ɗaya ba ta ƙona mai. Inji yana aiki, ka cire wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Wadda ka cire sautin inji bai canza ba, a nan matsalar take. Ka kuma tabbatar ba a sauya jerin wayoyin ba.

Idan duk silindojin suna aiki, sai ka duba robobin da inji yake zaune a kansu. Bayan haka ne za ka saita taimin da fitilarsa, inji da ɗumi, tiyon iskan distiributa a cire kuma a toshe. Idan alamar taimin da ke jikin inji tana tsalle a hasken fitilar, hakan yana nuna sarkar taimin ta saki ko sandar distiributa ta cinye.